Shin Ko Kun San? Dokokin Tallar 'Yan Gefe a Zaɓen Ƙananan Hukumomi

Da zarar zaɓe ya gabato, bango yakan cika da fastoci, rediyo ta cika da sanarwa, waya ta cika da hotuna da bidiyo. Wata tallar ɗan takara ne ya biya kuɗinta, wata kuma jam'iyyarsa. Akwai kuma wadda wani attajiri, ko kamfani, ko ƙungiya ke biya daga aljihunta don ta ɗaga wani ko ta kayar da wani, alhali ba ta cikin masu takara. Waɗannan su ne 'yan gefe. Filinmu na yau ya leƙa ƙasar Kanada, musamman lardin Ontariyo, inda aka tsara musu doka dalla-dalla a zaɓen magajin gari da kansiloli. Ƙashin bayan dokar guda ne: mai ƙuri'a yana da haƙƙin sanin wanda ya biya kuɗin tallar da ke neman juya masa ra'ayi.

Yadda abin ya faro a Ontariyo

• Shin ko kun san lardin Ontariyo yana da ƙananan hukumomi 444, kuma rana ɗaya ake zaɓensu, wato Litinin ta huɗu a watan Oktoba, duk bayan shekara huɗu? An yi na 2018 ranar 22 ga wata, na 2022 ranar 24, na 2026 kuwa ya faɗo ranar 26.

• Shin ko kun san dokar da ke tafiyar da waɗannan zaɓuka ta 1996 ce, amma sai a 2016 majalisar lardin ta yi mata gyaran da ya shigo da 'yan gefe ciki? A zaɓen 2018 aka fara aiki da sababbin ƙa'idojin.

• Shin ko kun san gyaran 2016 ɗin ne kuma ya haramta wa kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago bai wa 'yan takarar ƙananan hukumomi gudummawar kuɗi a faɗin lardin? Birnin Toronto ya riga kowa, domin tun zaɓen 2010 ya hana hakan. Masu dokar sun san idan aka hana kamfani bai wa ɗan takara kuɗi, aka bar shi yana sayen tallar da ya ga dama da kansa, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Shi ya sa gyare-gyaren biyu suka zo tare.

• Shin ko kun san zaɓen ƙaramar hukuma ya fi kowane zaɓe sauƙin rinjaya da kuɗi? Masu fitowa kaɗan ne, mazaɓu ƙanana ne, sau da yawa kuma ƙuri'u 'yan ɗaruruwa ke raba mai nasara da mai faɗuwa. A zaɓen Toronto na 2022, kimanin kashi 30 cikin 100 na masu ƙuri'a ne kawai suka fito. Ga shi kuma kansilolin nan su ne ke yanke hukunci kan izinin gini, rabon amfanin filaye, kwangilar hanya da harajin gidaje, abubuwan da masu kuɗi ke sa wa ido.

Wace ce tallar gefe, wace ce ba ita ba?

• Shin ko kun san a dokar Ontariyo, tallar gefe ita ce duk wata sanarwa ta rediyo, talabijin, jarida, allo, intanet ko wata kafa, wadda manufarta goyon baya ko adawa da ɗan takara? Haka ma wadda ke kira a ce "e" ko "a'a" ga wata tambaya da aka ɗora a takardar ƙuri'a.

• Shin ko kun san idan ba a kashe ko sisi ba, dokar ba ta ɗauki abin a matsayin talla ba? Mutum ya zauna da maƙwabtansa ya faɗi wanda yake so, ko ya rubuta ra'ayinsa a Facebook, ko ya tura wa abokansa saƙon imel, babu rajistar da ake nema a gare shi. Amma ranar da ya biya kuɗi don rubutun nan ya kai ga mutane da yawa, ya shiga layin masu talla.

• Shin ko kun san saƙon cikin gida ba ya cikin lissafi? Ƙungiyar ƙwadago tana iya gaya wa mambobinta wanda take so su zaɓa, kamfani yana iya rubuta wa ma'aikatansa da masu hannun jarinsa, mai gida yana iya magana da waɗanda ke aiki a ƙarƙashinsa. Sai saƙon ya fita bainar jama'a dokar ke hawa kansa.

• Shin ko kun san talla a kan wata matsala, ba tare da jingina ta da ɗan takara ba, ba ta buƙatar rajista a Ontariyo? Allon da ke kira a tallafa wa ƙananan 'yan kasuwa, ko a kare filin shaƙatawa na unguwa, yana wucewa ba tare da tambaya ba. Nan ne masu sukar dokar ke nuna yatsa, domin idan kowa ya san ɗan takarar da ya riƙe wannan batu, allon ya yi masa aiki ko da bai ambaci sunansa ba.

• Shin ko kun san idan ɗan takara ne ya ba da umarnin yin tallar, ta tashi daga ta gefe ta zama tasa? Doka ta hana ɗan takara juya akalar mai tallar gefe. Dalili a fili yake: ɗan takara yana da iyakar abin da zai kashe, kuma ba a so ya riƙa fakewa da wani don ya tsallake ta.

Wa ke da izinin yin rajista?

• Shin ko kun san rukuni uku ne kawai doka ta yarda su yi rajista? Mazaunin Ontariyo, kamfanin da ke gudanar da harka a Ontariyo, da ƙungiyar ƙwadagon da ke wakiltar ma'aikata a Ontariyo. Wanda ke zaune a wani lardin ko wata ƙasa ba shi da hurumi.

• Shin ko kun san ƙungiyar unguwa ko kulob da ba shi da rajistar kamfani ba zai iya yin rajista da sunansa ba? Sai dai wani daga cikin mambobi ya fito da sunansa, ya ɗauki nauyin komai. Dokar tana son a sami wanda za a riƙe idan an saɓa, ba suna mai daɗin ji da babu kowa a bayansa ba.

• Shin ko kun san ɗan takara, jam'iyyar tarayya, jam'iyyar lardi, gwamnati da ita kanta ƙaramar hukumar duk an hana su yin rajista a matsayin 'yan gefe?

• Shin ko kun san a wurin magatakardan ƙaramar hukuma ake rajistar, kuma kyauta ce? Ana buɗe ta daga 1 ga Mayu na shekarar zaɓe, a rufe ranar Juma'ar ƙarshe kafin ranar ƙuri'a. Ba a tilasta wa mai rajista ya bayyana wanda zai goya wa baya ko wanda zai yaƙa.

• Shin ko kun san rajistar gari ɗaya ba ta aiki a wani garin? Wanda ke son ya yi talla a Toronto da Ottawa sai ya yi rajista sau biyu, ya riƙe lissafi biyu, ya kai rahoto biyu.

• Shin ko kun san da zarar an buɗe rajista, haramun ne mutum ya karɓi gudummawa ko ya kashe kuɗi a kan tallar kafin ya yi rajistar? Bayan rajista kuma wajibi ne a buɗe asusun banki na musamman, duk abin da ya shigo ya bi ta nan, duk abin da ya fita ya bi ta nan.

Abin da dole ya bayyana a jikin talla

• Shin ko kun san kowace tallar gefe sai ta ɗauki abu uku? Sunan wanda ya yi rajista, sunan ƙaramar hukumar da ya yi rajistar, da hanyar da za a same shi, ko lambar waya, ko adireshi, ko imel. Wannan shi ne zuciyar dokar baki ɗaya. Fastar da ke zagin ɗan takara ba tare da sunan mai ita ba, ta saɓa doka tun kafin a duba gaskiyar abin da ta faɗa.

• Shin ko kun san gidan rediyo, talabijin ko jarida ba shi da izinin sa tallar sai an ba shi bayanan mai ita a rubuce? Bayan haka dole ya adana kwafin tallar, bayanan, da adadin kuɗin da ya karɓa har tsawon shekara huɗu.

• Shin ko kun san kowa yana iya zuwa gidan jaridar a lokacin aiki ya ce a nuna masa waɗannan takardu? Ba sai ɗan jarida ko lauya ba. Doka ta buɗe su ga jama'a.

• Shin ko kun san ƙaramar hukuma tana da ikon ba da umarnin a cire tallar da ta saɓa ƙa'ida, ko a dakatar da sa ta? Bayan wannan, kowane gari yana da nasa ƙa'idojin kan inda za a kafa allo da lokacin da za a cire shi, kuma suna hawa kan 'yan gefe kamar yadda suke hawa kan 'yan takara.

Maganar kuɗi

• Shin ko kun san akwai iyakar abin da ɗan gefe zai kashe? Lissafin shi ne dalar Kanada 5,000, a ƙara senti 5 a kan kowane mai ƙuri'a na garin, amma jimlar ba za ta wuce dala 25,000 ba. A garin da ke da masu ƙuri'a 20,000, iyakar ta zama dala 6,000. Da zarar masu ƙuri'a sun kai 400,000, an kai ƙololuwa, ko da garin ya ninka haka sau biyar.

• Shin ko kun san da gangan aka sa rabon ɗan takara ya fi na ɗan gefe nesa ba kusa ba? Mai neman kujerar magajin gari yana da dala 7,500 da senti 85 a kan kowane mai ƙuri'a. A wancan gari mai mutum 20,000, zai iya kashe dala 24,500, fiye da ninki huɗu na abin da aka yarje wa ɗan gefe. A Toronto kuwa iyakarsa ta haura dala miliyan ɗaya, ɗan gefe yana nan a 25,000. Manufar ita ce muryar wanda zai amsa tambayar jama'a bayan zaɓe ta fi ta wanda ba zai amsa wa kowa ba.

• Shin ko kun san mutum ɗaya ba zai bai wa mai tallar gefe guda fiye da dala 1,200 ba? Idan kuma yana son ya rarraba wa da yawa a gari ɗaya, jimlar ba za ta wuce dala 5,000 ba.

• Shin ko kun san kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago, waɗanda aka hana su bai wa ɗan takara kuɗi, an bar su su bai wa 'yan gefe, ko su yi rajista da kansu? Ba a toshe musu baki ba. An dai ce su yi magana da sunansu, cikin iyaka.

• Shin ko kun san tsabar kuɗi hannu da hannu ba za ta wuce dala 25 ba? Abin da ya haura haka sai ta ceki, katin banki ko wata hanyar da ke nuna daga asusun wa kuɗin ya fito. Duk wanda gudummawarsa ta haura dala 100, sunansa zai fito a rahoton da kowa ke iya karantawa.

• Shin ko kun san ba kuɗi ne kawai gudummawa ba? Mai ɗab'i ya buga fastoci kyauta, ko ya yi ragin da ba ya yi wa kowa, sai an ƙiyasta darajar abin an rubuta shi a lissafi.

• Shin ko kun san hatta walimar godiya bayan zaɓe tana da iyaka? Ba za ta wuce kashi 10 cikin 100 na iyakar kashe kuɗin ba.

Ranar lissafi

• Shin ko kun san dole kowane mai rajista ya miƙa rahoton kuɗinsa kafin ƙarfe 2 na rana a Juma'ar ƙarshe ta watan Maris na shekarar da ta biyo bayan zaɓe? Ko da bai kashe komai ba, sai ya kai rahoton. Idan abin da ya tara ko ya kashe ya haura dala 10,000, sai ya haɗa da shaidar mai binciken kuɗi mai lasisi.

• Shin ko kun san wanda ya makara yana da ƙarin kwana 30, amma sai ya biya tarar dala 500? Idan wannan ma ya wuce, ya rasa damar yin rajista a garin har sai bayan zaɓe na gaba.

• Shin ko kun san rarar kuɗin da ta saura ba ta komawa aljihun mai talla? Yana iya cire abin da shi da kansa ya zuba, sauran kuwa magatakarda ake miƙa wa.

• Shin ko kun san mai ƙuri'a ɗaya tak yana iya tayar da bincike? Kowace ƙaramar hukuma tana kafa kwamitin bin diddigi mai mutum uku zuwa bakwai kafin 1 ga Oktoba na shekarar zaɓe, kuma babu kansila, ma'aikacin hukumar ko ɗan takara a cikinsa. Wanda ke da dalilin zargin an saɓa doka yana da kwana 90 bayan wa'adin rahoto ya kai ƙorafi, kwamitin kuma yana da kwana 30 ya yanke ko za a bincika.

• Shin ko kun san hukuncin kotu yana iya kaiwa tarar dala 25,000 ga mutum, dala 50,000 ga kamfani ko ƙungiyar ƙwadago? Wanda aka tabbatar yana sane ya aikata laifin, yana iya shan ɗaurin da ya kai wata shida.

• Shin ko kun san duk da wannan tsari akwai giɓi? Doka ba ta iyakance yawan masu rajista ba, don haka mutum goma masu buri ɗaya suna iya yin rajista dabam-dabam, kowa da tasa iyakar. Tallar da aka yi kafin buɗe rajista ba ta cikin lissafi. Rahoton kuɗi kuma ba ya fitowa sai bayan wata biyar da jefa ƙuri'a, lokacin da wanda ya ci ya riga ya hau kujera.

Sauran lardunan Kanada

• Shin ko kun san lardin Biritish Kolombiya ya riga Ontariyo, domin tun 2014 ya yi dokar kuɗin zaɓen ƙananan hukumomi? A can, hukumar zaɓe ta lardin ce ke rajistar 'yan gefe, ba magatakardan gari ba. Kuma a kwana 28 na ƙarshe kafin ƙuri'a, har tallar da ke magana a kan batun da aka san wani ɗan takara da shi tana shiga lissafi.

• Shin ko kun san a zaɓen 2018 na wannan lardi, a garin da mutanensa ba su kai 15,000 ba, dala 750 ce iyakar tallar da ke ambaton ɗan takara kai tsaye? A wancan zaɓen, jimlar abin da ɗan gefe zai kashe a faɗin lardin kuma ba za ta wuce dala 150,000 ba.

• Shin ko kun san a lardin Albata sai kuɗin da mutum ya tara ko ya kashe ya kai dala 1,000 rajista ke wajaba a kansa? A Kebek kuwa an fi tsanantawa: wanda aka ba izini dala 300 kawai zai kashe, kuma ba zai fito ƙarara ya ce a zaɓi wane ko a ƙi wane ba.

Abin da kotuna suka ce

• Shin ko kun san wanda ya fi kowa shahara wajen yaƙar irin waɗannan dokoki a Kanada daga baya ya zama Firayim Minista? Stephen Harper, lokacin yana shugabantar wata ƙungiyar fafutuka, ya ƙalubalanci dokar tarayya ta 2000 wadda ta iyakance 'yan gefe ga dala 150,000 a faɗin ƙasa da dala 3,000 a mazaɓa ɗaya. A 2004 Kotun Ƙoli, da alƙalai shida a kan uku, ta tabbatar da dokar. Hujjarta ita ce idan aka bar masu dukiya su mamaye fagen talla, muryar sauran jama'a za ta nutse. Harper ya hau mulki a 2006.

• Shin ko kun san a 2017 Kotun Ƙolin Kanada ta raba tsakanin mai ɗaukar nauyin talla da mai bayyana ra'ayinsa? A wata shari'a daga Biritish Kolombiya, ta ce wanda ya liƙa allon da ya rubuta da hannunsa a tagar gidansa, ko ya manna sitika a motarsa, ko ya sa riga mai ɗauke da saƙo, ba ya buƙatar rajista.

• Shin ko kun san iyaka ma tana da tata iyakar? A 2021 gwamnatin Ontariyo ƙarƙashin Doug Ford ta tsawaita lokacin taƙaita tallar 'yan gefe a zaɓen majalisar Ontariyo daga wata shida zuwa wata 12, ba tare da ƙara kuɗin da aka yarje musu ba. A watan Maris na 2025 Kotun Ƙoli, da alƙalai biyar a kan huɗu, ta soke tanadin, ta ce ya tauye haƙƙin mai ƙuri'a na jin ra'ayoyi mabambanta, tunda jam'iyyu ba su da irin wannan takunkumi a wata shida na farko na wannan lokaci.

• Shin ko kun san a Birtaniya an taɓa gurfanar da mace saboda ta wuce iyakar fam 5? Phyllis Bowman, shugabar wata ƙungiyar adawa da zubar da ciki, ta sa an raba takardu 25,000 a mazaɓar Halifax gabanin zaɓen 1992, masu bayyana matsayin 'yan takara a kan batun. A 1998 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce iyakar fam 5 daidai take da hana magana ɗungurungum. Wata dokar Birtaniya ta 2000 ta ɗaga ta zuwa fam 500 a zaɓen majalisa, daga baya ta koma 700.

• Shin ko kun san dokar 2000 ɗin ta yanke wa ɗan gefe a zaɓen kansila fam 50 da rabin kwabo a kan kowane mai ƙuri'a? A mazaɓa mai mutum 6,000, fam 80 ke nan. Tun Nuwamban 2023 kuma, tallar siyasa da aka biya a intanet a Birtaniya dole ta nuna sunan mai ita, kamar yadda aka daɗe ana yi wa takardun da aka buga.

• Shin ko kun san Amurka ta bi wata hanyar dabam? A Janairun 2010 Kotun Ƙolinta, da alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce ba za a iyakance abin da kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago ke kashewa a tallar siyasa ba, muddin ba su haɗa kai da ɗan takara ba. Sakamakon ya gangaro har zaɓen birane. A zaɓen fid da gwani na magajin garin Niyu Yok a 2025, wata ƙungiyar gefe mai goyon bayan Andrew Cuomo ta kashe sama da dala miliyan 20, duk da haka Zohran Mamdani ya kayar da shi. Abin da birnin ya iya yi shi ne tilasta wa irin waɗannan ƙungiyoyi su rubuta sunayen manyan masu ba su kuɗi guda uku a jikin tallar.

To, a Najeriya fa?

• Shin ko kun san a rubuce, tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya fi duk waɗannan tsauri? Sashe na 221 ya ce babu wata ƙungiya, in ba jam'iyyar siyasa ba, da za ta nemar wa ɗan takara ƙuri'a, ko ta ba da gudummawa ga asusun jam'iyya ko kuɗin yaƙin neman zaɓen ɗan takara. Dokar kamfanoni ita ma ta hana kamfani bai wa jam'iyya kyautar kuɗi. Duk da haka, kowane zaɓe ƙungiyoyin magoya baya kan cika gari da alluna da sanarwar rediyo.

• Shin ko kun san Dokar Zaɓe ta 2022 ta yanke wa mai neman shugabancin ƙaramar hukuma a Abuja naira miliyan 30, mai neman kansila naira miliyan 5? Hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya kawai take yi wa zaɓe. Sauran 768 suna hannun hukumomin zaɓe na jihohi.

• Shin ko kun san a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne kawai za su riƙe su? Duk lokacin da kujerar ciyaman ta ƙara daraja, masu son zuba kuɗi don su ɗora nasu za su ƙaru.

Hanin da ba a aiwatar da shi ba ya hana kuɗi shiga zaɓe, ɓoye mai kuɗin kawai yake yi. Ontariyo ta zaɓi ta bar mutane su yi magana, ta ɗaure su da sharaɗi huɗu: su yi rajista, su sa suna, su tsaya cikin iyaka, su kawo lissafi. Mafi sauƙin aiwatarwa a cikinsu shi ne sa suna, domin ba ya buƙatar sabon ofishi ko babban kasafi. Majalisun jihohi, waɗanda ke yin dokokin zaɓen ƙananan hukumominsu, suna iya wajabta shi, su kuma ɗora wa gidajen rediyo da masu ɗab'i nauyin adana sunan duk wanda ya biya. Kafin a kai ga haka, mai ƙuri'a yana da abin yi: duk tallar da ta zo masa ba sunan mai ita, ya tambayi gidan da ya sa ta wa ya biya, kuma kada ya gina ƙuri'arsa a kan maganar wanda ya ƙi bayyana kansa.